Waiwayen shekarar 2011 a Norway, da abin da na koya a ɗakin labarai

Tun da na fara aiki a ɗakin labarai, waiwayen shekara na ƙasashen waje a hannuna yake. Yanzu da zan bar wurin, na Norway na 2011 ne ya fi tsaya mini a rai.

Ranar Juma'a 22 ga Yuli bam ya tashi a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo, ya kashe mutum 8. Bayan la'asar aka ce ana harbi a tsibirin Utoya, inda matasan jam'iyyar Labour ke sansanin bazara. Can aka kashe mutum 69, yawancinsu matasa, ƙaramar cikinsu shekararta 14. Wasu manyan kafafen waje suka fara zargin ƙungiyoyin jihadi, editanmu ya ce mu bi sahu. Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yan sanda ba su faɗa ba tukuna." Ya ce ban san aiki ba, ya karɓe rubutun ya cusa abin da yake so. Kafin gari ya waye ta tabbata maharin ɗan ƙasar ne, Anders Breivik, mai ƙin Musulmi da baƙi. A taron safe ni aka nuna da yatsa, tunda sunana ke kan labarin. Shi kuwa ko uffan. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba.

Da Disamba ta zo, ya so waiwayen ya buɗe da makashin. Na buɗe da waɗanda aka kashe, sai taron furanni na 25 ga Yuli da ya cika titunan Oslo, sai alƙawarin Firaminista Jens Stoltenberg cewa martaninsu ƙarin dimokuraɗiyya ne. Editan ya soke sunan Grete Waitz, wai wa ya san ta? 'Yar Norway da ta lashe gudun fanfalaki na New York sau 9, ta rasu a Afrilu. Na mayar da sunan. Na rufe da kyautar zaman lafiya ta Nobel da aka miƙa wa Ellen Johnson Sirleaf da Leymah Gbowee da Tawakkol Karman a Oslo. Haka aka karanta shi, ba a taɓa ko layi ɗaya ba.

Ga masu tasowa: ku riƙa adana kwafin rubutunku na farko, da lokacin da kuka miƙa shi. Labarin da ba shi da majiya kuma, ko wa ya ce a sa, ku nemi a cire sunanku.