Na canza salula, na bar muryar Baba a kasuwa

Ƙannena, in kuna da niyyar barin Android ku koma iPhone, ko ku baro iPhone ku dawo Android, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku tukuna. Ni na yi wannan ƙaura cikin gaggawa, har yau ina cizon yatsa.

Shadda da atamfa nake saidawa a Babbar Kasuwa ta Yamai. Shekara huɗu ina riƙe da wata Tecno, gilashinta ya tsage a kusurwa, amma takan kwana biyu ba ta nemi sharji ba. Hoto ne ya ja ni. Maƙwabcina zai ɗauki shadda da iPhone, ta fito tana walƙiya, tawa kuwa sai ka ce an wanke ta sau goma. Akwai kuma son a gani, ba zan ɓoye muku ba. Ana saura mako guda Babbar Salla na je wurin masu salula, na ba da tsohuwar, na cika jikka 70, aka miƙo mini iPhone 11 ta hannu.

Yaron shagon ya riƙe Tecnon ya ce, "Alhaji, a goge ta ko a bar ta haka?"

Na ce, "Goge ta tas, ƙanena, kada wani ya ga sirrina."

Ya shiga ya danna, ta mutu ta tashi, kafin in shanye kofin shayi ta koma kamar yau aka ciro ta daga kwali. Har dala ɗari na ba shi na goro. Yaron bai yi laifin komai ba, ya tambaya, ni na ba da umarni.

Sai bayan Isha'i, a gida, na sauke WhatsApp. Lamba shida ta shigo ta saƙo, na sa, ya buɗe. Wayam. Gungun dangi da na ƴan kasuwa sun dawo da sunayensu, amma ciki ba ko harafi ɗaya. Mutane kuwa duk sun zama +227 da lambobi, ban san wane ne wane ba, domin sunayen a cikin ita salular na yi ta ajiye su, ba a asusun Google ba.

Abin da ban sani ba a daren nan shi ne gidaje biyu ne, kowane da rumbunsa. Android na kamfanin Google ne, WhatsApp ɗin cikinsa yana kai ajiyarsa Google Drive. iPhone ta Apple ce, nata yana kai ajiya iCloud. WhatsApp na iPhone ba ya ɗebo abin da ke Google Drive, na Android ma ba ya ɗebo na iCloud. Ni kuwa na ɗauka layi ne ke ɗauke da komai, in ka zare shi ka sa a wata salula shi ke nan. Layi lambarka kawai yake ɗauke da ita, sai ƴan sunayen da ka ajiye a kansa.

Me ya tafi? Littafin bashina, da farko. Masu sari daga Doso da Ƙonni da Tawa ba sa rubutu, murya suke turowa: "Alhaji, turmi uku, rabi yanzu, rabi bayan Salla." Ni ma da murya nake amsawa, can lissafin yake zaune. Masu tsoron Allah sun zo da kansu sun biya. Wasu suka ji labari suka yi lamo, har yau muna gaisawa.

Kuɗi dai ana sake samu. Wanda ya fi ci mini rai saƙonnin Baba ne. Shekara guda kafin rasuwarsa, duk Juma'a yakan karɓi salular ƙanwata a Tawa ya yi mini magana. Ba ya iya riƙe maɓallin da kyau, sai saƙon ya yanke a tsakiya, ya sake wani, ana jin akuya a bayansa da tarinsa. Ƙarshen kowane ɗaya, "Allah shi yi maka albarka, a riƙe gaskiya." Sun fi arba'in. Salular ƙanwata ta daɗe da faɗawa cikin randa, saboda haka wurina kaɗai suka rage. Ni na ce a goge su tas.

Da akwai mafita ma, in da na san kod ɗina. Wani ɗalibi a unguwarmu ya ce in aro Android, in shiga Gmail ɗina, in maido ajiyar daga Google Drive, sannan a kwaso ta zuwa iPhone. Ya ce, "Kawu, mene ne kalmar sirrin?" Na yi shiru. Wani yaro ne ya buɗe mini asusun a bakin titi ranar da na sayi Tecnon, ya sa kalmar da ya ga dama, ya sa lambarsa a wurin lambar neman agaji. Ban ko san sunansa ba. Na san da yawanku haka kuke, wani ya buɗe muku. Yau ɗin nan ku zauna ku canza kalmar, ku sa lambarku, ku rubuta a takarda ku ajiye inda kuke ajiye takardar haihuwa.

Hanyar da ya kamata in bi ba wuya gare ta ba, haƙuri take so. Apple na da manhaja a Play Store mai suna Move to iOS, tun 2015 take, kuma daga 2022 tana iya kwaso hirar WhatsApp. Sharaɗinta, iPhone ɗin ta kasance sabuwa ko an goge ta, ba a riga an shirya ta ba. In mai shago ya riga ya shirya maka ita don ya nuna maka tana aiki, sai an sake gogewa. Ana ajiye salulolin biyu kusa da juna, duka a jikin sharji, iPhone ta nuna lambobi, ka sa su a Android, ka zaɓi abin da za a kwashe: sunaye, hotuna, saƙonni, WhatsApp. Lambar layi dole ta zama ɗaya. In hotunanka da bidiyo suna da yawa aikin zai ja, don haka kada ka fara shi a tsaye cikin kasuwa, ko lokacin da kuran ke zuwa yana tafiya. Mai komawa Android daga iPhone shi kuma da igiya ake haɗa su, kuma ya tuna ya kashe iMessage, wato tsarin aika saƙo na Apple, kafin ya zare layinsa, in ba haka ba saƙon masu iPhone zai riƙa ɓacewa a hanya.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai tsohuwar na hannunka da ranta. Musanya nan take, ba ni in ba ka, ita ce ta kashe ni. Gara ka ranto cikon kuɗin, ka riƙe biyun mako guda, ka buɗe manhajar aika kuɗinka ka ga ta karɓe ka, ka saurari tsofaffin muryoyi ka tabbata sun iso, sannan ka saida.

Ta hannu kuwa, a duba ta da idon basira. Tun 2013 iPhone na da kulle da ke ɗaure ta da asusun mai ita. In tsohon mai ita bai fita daga iCloud ba, ranar da aka goge ta sai ta tsaya tana neman kod ɗinsa, ka zama mai riƙe da madubi mai tsada. A goge ta a gabanka, ta tashi ba ta nemi sunan kowa ba, sannan ka ƙirga kuɗi. Android ma na da irin wannan kulle na Google. Danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali, in da kwali. Ka leƙa gefenta: iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin layi sam, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake sawa ba tare da kati ba, sai ka fara tambayar kamfanin layinka. Tawa rami ɗaya gare ta, ni kuwa ina da Airtel da Moov. Sai batir: cikin saiti akwai inda ake ganin lafiyarsa, in ya sauka ƙasa da 80 cikin 100 ka rage kuɗin sabo daga ciniki. Apple da kansa ya ce zafin da ya dace da ita daga digiri 0 zuwa 35 ne, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Kada ka bar ta a rana kan sirdin babur, za ta dakatar da sharji har sai ta huce.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kullum sai sun taɓa ka. iPhone ba ta da ramin katin memori, wa'azin da na tara a kati ya zauna a aljihu. Ba rediyon FM a ciki, labaran safe sai da forfe. Ba ramin abin kunne tun iPhone 7 ta 2016. Ba a turo mata fayil ta Bluetooth daga Tecno, manhajar da aboki zai tura maka daga Android ma ba ta hawa. Igiyar sharjinta daban ce, sai daga iPhone 15 ta 2023 suka koma USB-C irin ta mutane. Ranar da na manta tawa a gida, layinmu kaf ba mai irinta sai maƙwabcin nan da ya ja ni. Rumbun kyauta na iCloud giga 5 ne, na Google 15, hotunan shadda suka cika 5 ɗin cikin ƴan watanni.

Ba na cewa kada ku saya. Hotonta ya yi kyau, ciniki ya ɗan ƙaru, ba ta taɓa sandarewa a hannuna ba. Amma dole ta sa na ƙara da ƙaramar Itel ta jikka 8 don layi na biyu da rediyo, bashi kuma ya koma littafi mai bango da biro.

Bara, da azumi, wani ƙanena da ke Agadas yana share salularsa ya ci karo da saƙo ɗaya da Baba ya taɓa sakawa a gungun dangi bisa kuskure, ni yake nufi. Daƙiƙa 34 ne. Yana tambaya ko ruwa ya sauka a Yamai, yana cewa geronsu ya fara kai. Na tura shi Gmail ɗina sabo, na tura wa matata, na sa ɗalibin nan ya zuba mini shi a katin memori, katin yana cikin akwati tare da takardun gida.