Ƙofar da ban sa a lissafi ba

Har yau idan na bi ta filin wasan unguwarmu, sai idona ya sauka kan facin da mai walda ya yi a ƙyauren hagu. Fentin wurin ya fi sauran duhu. Ni na jawo wannan facin, kuma ba ƙarfen ne ke damuna ba.

Ni ne sakataren kwamitin da ke kula da wurin, a nan Jos, ta wajen hanyar Bauchi. Filin ƙwallo ne na jar ƙasa, da lilo huɗu na yara, da zaure mai teburin tenis biyu da snuka, inda muke haska wasannin Turai. Ƙarshen Maris 2020 muka sa kwado saboda korona. A Afrilu aka shiga kullen nan na Filato, a rufe mu kwanaki, a sake mu mu yi cefane, a sake rufewa. Muka yi azumi, muka yi ƙaramar Sallah, Firimiya ta dawo a Yuni, Liverpool ta ɗauki kofi, aka yi layya, kwadonmu na nan. Wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai tsakanin Bayern da PSG a Agusta, a waya samarinmu suka kalla, mutum biyar sun haɗa kai kan waya ɗaya a bakin shago.

Farkon Satumba kwamitin shugaban ƙasa kan korona, wanda Boss Mustapha ke jagoranta a lokacin, ya sassauta. Dokar hana fita ta koma daga sha biyun dare zuwa huɗu na asuba, wuraren shaƙatawa da na motsa jiki kuma aka ce su buɗe, amma rabin mutanen da suka saba ɗauka. Muka share ciyawa, muka sayi bokiti mai famfo, sabulu, takunkumin fuska da na'urar auna zafin jiki. Na auna tazarar benci da igiya, na shata da toka. Duk wannan ya tafi daidai, kowa ma ya san shi.

Abin da na yi shi ne, na ƙirga waɗanda za su shiga, ban ƙirga waɗanda za su rage a waje ba. Zauren na cin mutum 120, na ce 60. Fili na ce 50. Na rubuta a WhatsApp na unguwa, aka kuma faɗa bayan sallar Juma'a: Asabar bayan La'asar za a buɗe, wanda ya riga zuwa shi zai shiga. Da hannuna na rubuta wannan layin na ƙarshe.

Baba mai gadi ya faɗa min tun ranar Juma'ar. Ya ce, "Sakatare, yaran nan wata shida suna ɗaure, makaranta ma ba a koma ba. Ƙofa ɗaya ba za ta ɗauke su ba. A buɗe ta baya." Na ce, "Baba, na'urar ɗaya ce, bokitin ɗaya ne, dole kowa ya bi ta nan." Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya sa a gama lafiya."

Tun azahar suka fara taruwa. Kafin La'asar lungun ya toshe, ko ɗan acaɓa ba ya iya ratsawa. A ciki kuwa komai tsaf, benci da tazararsa, toka fara fat a ƙasa. A waje yara da samari sun fi ɗari uku, kafaɗa da kafaɗa, numfashin wannan a wuyan wancan, takunkumi duk a haɓa. Tazarar da na kwana ina aunawa, a bakin ƙofata na rushe ta. Kowane mutum sai an auna shi, ya wanke hannu, na rubuta sunansa da lambar waya, kusan minti guda ke nan. Lissafin da ɗan firamare zai yi ne: mutum 110 a minti ɗaiɗai, kusan awa biyu. Ban yi shi ba.

Sannan na ɗaga murya na ce, "Saura goma!" Don su haƙura su watse na faɗa. Sai na baya suka danno. Na ji ƙarar ƙarfe, ƙyauren ya ɓalle daga sama ya kwanto ciki. Da muka ɗaga shi, yaro ɗan shekara tara na ƙasa, hannunsa na dama ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Bai yi kuka ba da farko. Silifas ɗinsa ɗaya yake nema. Lilo kawai ya zo hawa.

Asibiti muka kai shi, aka yi hoto, aka sa filasta. Da daddare na je gidansu. Mahaifiyarsa daga bayan labule ta amsa gaisuwata, ta ce, "Malam, wata shida ina tsare shi daga ciwon da ba na gani. Rana ɗaya na sake shi ya zo wurinku." Ban sami abin cewa ba sai ban haƙuri. Washegari mai unguwa ya kira mu, na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, an gaya min ban ji ba." Ya ce a mayar da kwado. Mako uku muka ƙara a rufe, kuɗin da muka tara don gyaran janareta ya tafi a magani da walda.

Duk wanda zai buɗe irin wannan wuri a lokacin annoba, ina roƙonsa kada ya furta "wanda ya riga zuwa". Kalmar nan kiran turereniya ce, kuma masu ƙarfi take zaɓa. A ranar, ko yarinya ɗaya ba ta shiga ba, ƙananan yara kuma su aka matse a gaba. Rabon gurbi a yi shi tun ana gobe za a buɗe, nesa da ƙofa. Da muka sake buɗewa, kati muka yanka na kwali, kala uku. Kyaftin ɗin kowace ƙungiya ya karɓi na yaransa tun da dare, ana gobe za su zo. Safe na mata masu motsa jiki ne, hantsi na ƙananan yara tare da babba daga gida, yamma na samari. Tsakanin rukuni da rukuni rabin awa, wurin ya zama wayam kafin na gaba su iso. Bokiti uku muka jera a waje, shiga ta gaba, fita ta baya, yadda Baba ya ce tun farko. Sunaye kuma suna hannun kyaftin, na daina tsare layi da biro. Mai kati ba ya gaggawa, marar kati ba ya zuwa.

A Disamba cutar ta sake tasowa, Gwamna Lalong kansa ya kamu, aka ce a rufe wuraren taruwa. Wannan karon da saƙo ɗaya ga kyaftin-kyaftin muka rufe, ba wanda ya zo ya tsaya a ƙofa.

Hannun yaron ya ɗoru, Alhamdulillahi. Da muka dawo na aika masa da katin hantsi ta hannun yayansa. Mahaifinsa ya dawo min da shi da kansa, ya gode, ya ce a bari tukuna. Katin na cikin aljihun teburina a zaure.