Chanchangi, kamar yadda muka san shi daga Bauchi

A farkon shekarun 2000, duk lokacin da harkar kasuwanci ta kira ni Legas, sai in bar Bauchi da asuba a mota, in bi ta Jos zuwa Kaduna, domin a can ne nake samun jirgin Chanchangi. Marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi, ɗan asalin Takum da ya zauna a Kaduna, shi ne ya kafa wannan kamfanin jiragen sama a 1994, kuma jiragensa suka fara jigilar fasinjoji a 1997. Yawancinsu tsofaffin Boeing 727 da 737 ne, masu ƙara da shan mai, amma bayan rushewar Nigeria Airways, kamfanin jiragen gwamnatin tarayya, a 2003 su ne suka riƙe ɗimbin matafiyan Arewa.

A ganina, tsufan jiragen ne ya fara karya kamfanin, domin ana sayar da tikiti da naira alhali kayan gyara da babban garambawul sai da dala. Da kamfanin jiragen Arik ya shigo a 2006 da sababbin jirage, fasinjoji suka fara komawa can. A 2010 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da Chanchangi saboda jirgi ɗaya ya rage masa, ƙa'idar wancan lokacin kuwa aƙalla biyu ce. Ya sake tasowa, amma bai daɗe ba ya durƙushe. Lokacin da aka buɗe sabon filin jirgin Bauchi a Durum, babu sauran jirginsa da ke tashi. Alhaji Ahmadu ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansa da rahama.