Godiya ga duk wanda hannunsa ya taɓa jitar nan

Assalamu alaikum jama'a. Toh Alhamdulillahi, gasar masu haɗa jita da hannu da na dame ku da ita wata da watanni an gama, sakamako ya fito daren jiya, kuma tun kafin a fara tambayata, a'a ban ci ba. Wanda ya zo na ɗaya in ka ga aikinsa sai ka rantse ba hannun ɗan Adam ba ne, ni kaina da ina da ƙuri'a biyu da na ba shi ɗaya. Tawa dai tana cikin waɗanda alƙalai suka ware suka yi magana a kansu a rukunin sababbin hannu, wallahi ni wannan ma ya ishe ni, mutumin da bara war haka ko zarto bai iya riƙewa daidai ba.

Sunana aka rubuta a ƙarƙashin hoton amma gaskiya rashin adalci ne in yi shiru a ɗauka ni kaɗai na yi, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Na farko Baba kafintan bakin layinmu. Ranar da na je masa da zane a takarda na ce jita nake so in haɗa, kallona ya yi sama da ƙasa ya ce yaro kai da ko benci ba ka taɓa bugawa ba? Amma bai kore ni ba. Ya ba ni lungu a shagonsa bayan la'asar, ya bar mini zarto da magagari, shi ya raka ni 'yan katako Na'ibawa muka yini muna juya katako, ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kara a kunne ya ajiye, har masu shago suka fara yi mana kallon marasa aikin yi. Turawan da ke cikin gasar kullum maganarsu mahogani mahogani, ni ina ta tunanin ina zan samo shi, sai daga baya na gano ashe maɗacin nan namu da ake jiƙa ɓawonsa a ba mu don ciwon ciki muna kuka, danginsu ɗaya, a can ma mahoganin Afirka suke ce wa irinsa. Da shi muka yi baya da gefe da wuya. Yana da nauyi kam, kafaɗa tana sani.

Lanƙwasa gefen shi ne inda na kusa haƙura. Sai an fiƙe katakon ya koma kamar milimita 2, a jiƙa shi da ruwa, a riƙa goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi a hankali har ya yarda ya bi ƙugun jitar. Mu bututun famfo muka samo a Ƙofar Ruwa muka cusa masa garwashi. Guda uku na karya. Na ukun da ya ce ƙas, na jefar na zauna a ƙasa, Baba ko ɗagowa bai yi ba ya ce katako ba a yi masa dole, lallaɓa shi ake yi, tashi ka jiƙa wani. Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya sa ka ga aikin Hajji.

Sai kuma babbar masifar, wadda laifina ce ɗari bisa ɗari. Fuskar jita, wato katakon gaba mai ramin nan, ita ce ke ba da sauti, su can da katako mai laushi mara nauyi na ƙasashen sanyi suke yi, ni kuma farin katakon akwatin kaya na samu na zaɓi mai miƙaƙƙen layi. Na fiƙe shi, na liƙa masa ƙananan sanduna bakwai ta ciki a baje kamar mafici, na rufe akwatin jitar, duk a cikin damina. Ina ta murna. Hunturu na shigowa wata safiya na buɗe buhun da na naɗe ta, sai ga tsaga tun daga ƙarƙashin jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a kan fuskar, har gindi, siririya kamar an ja da reza. Ashe katako yana shan danshin damina ya kumbura, in ka liƙe shi a haka iska ta bushe sai ya nemi tsukewa, gam ya riƙe shi ta ko'ina, sai ya yage kansa. Masu sana'ar suna haɗa nasu ne a ɗakin da danshi yake wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa hunturun Kano da leɓen mutum ma tsagewa yake balle katako mai kaurin kwali.

Na sa wa 'yan gasar hoton tsagar da niyyar in ce na janye. A nan ne zan gode wa 'yan uwana 'yan gasa, mutanen da ya kamata a ce abokan hamayya ne. Kafin gari ya waye an yi mini bayani ya fi a ƙirga, wani har zane ya yi da biro ya ɗauka a waya, yadda zan ɗura gam a tsagar in matse, sannan in liƙa 'yan ƙananan faci ta ciki layin katakonsu ya gitta na fuskar. Wani ya ce nan gaba in haɗa a lokacin rani, don katakon da aka haɗa a bushe in ya sha danshi kumbura kawai zai yi, ba ya fashewa. Wata baiwar Allah kuma ita ta ba ni labarin Antonio de Torres, mutumin Sifaniya da kusan duk jitar gargajiya ta yau a kan tsarinsa take, sandunan nan bakwai ma salonsa ne, ta ce a 1862 ya haɗa wata da baya da gefen kwali don ya nuna fuska ce ke magana, kuma tana nan ajiye a gidan tarihi a Basalona har yau. Wai don kar in ji kunyar katakon akwati. Ban san fuskokinku ba, yarenmu ma ba ɗaya ba, da Turancina mai ɗingishi muka yi ta fama, na gode.

Abin matsewa ba ni da shi, tsohon tiyub na keke na yayyanka na ɗaure ta tamau kamar mai karaya. Mai facin bakin titi da ya tara mini su bai karɓi ko sisi ba, na gode.

Ƙanwata ita ce injiniyar lissafi. Ƙarafan nan da ke kwance a wuyan jita, firet, ba da ido ake jera su ba. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa jaki milimita 650 ne, sai ka raba da 17.817 ya ba ka na farko, wajen 36 da rabi, ka cire shi ka sake raba abin da ya rage, haka haka har ka gama, kuma na 12 dole ya faɗo a tsakiya cif wato 325, in bai faɗo ba ka san ka yi shirme a wani wuri. Ni sau biyu ina yi yana kaucewa, ita ta karɓi biro ta yi a zama ɗaya tana yi mini dariya. Ita ce kuma ta ɗauki bidiyon da aka tura, da wayarta, a soro, sau wajen tara saboda in ba akuya ba sai mai tallan ruwa, ana gab da gamawa kuma aka ɗauke wuta muka koma tsakar gida. Ƙanwata na ci bashin data, ban manta ba.

Umma, ki yafe mini tukunyarki. Ɗan farin abin da tsirkiya ke hawa a sama da wanda ke kan jaki da ƙashin saniya ake yin mai kyau, mahaucin da muke sayen nama wajensa ya ware mini ƙashin ƙafa, na dafa shi na sake dafawa don maiƙon ya fita, gidan nan ya ɗau wari kwana biyu, Umma tana faɗa tana kuma ƙara mini itace. Allon da yatsu ke dannawa kuwa itacen madobiya ne daga ƙafar tsohon gadon kakarmu da ya shekara a jingine a ɗakin shirgi, Kawu ne ya ce in ɗauka. Da na faɗi sunanta a gasar wani ya ce in yi hattara kar in ce zan aika wa kowa waje, tun 2017 tana cikin itatuwan da aka sa wa takunkumin fitarwa saboda yadda aka yi ta sare ta a irin su Taraba ana lodawa zuwa Chana. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan ta girmi babana.

Makullan ɗaure tsirkiya ban iya ƙera su ba, ba zan yi ƙarya ba. Wani ɗan uwa da ke kaɗa jita a coci a Sabon Gari shi ya cire mini na tsohuwar jitarsa da ta karye, ya haɗa mini da tsirkiyar roba saiti guda, kuma shi ya fara kaɗa ta don ni har yanzu kiɗan nawa sai a hankali. Da ya ja tsirkiya ta shida ya sake ta, ɗakin ya amsa, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ya ce firet na 7 yana ɗan zuza, gaskiya ne, alƙalai ma sun ji.

Masu cewa wannan aikin banza ne ko kayan Turawa ne, ban ji haushi ba, amma ku tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi aka yi kuntiginsa kuma da shi ya zaga duniya, Mdou Moctar na Nijar jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Abba ma da bai ce uffan ba tun da na fara, jiya ya ɗauke ta ya jujjuya ya leƙa ramin ya ce wato ita ce garayar tasu? Ya ajiye a hankali. Wanda ya san Abba ya san an yaba.

Duk wanda ya kaɗa mini ƙuri'a, da wanda ya tura wa wasu, da wanda ya ce wallahi bai san me ake yi ba amma ya danna, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Wanda na manta ya yi mini afuwa.

Ta biyu zan fara in rani ya kama sosai in sha Allahu. In akwai mai tsohuwar ƙofa ko gado na maɗaci da ya daɗe a bushe yana cin wuri a gida, don Allah kar a faskara, a yi mini magana zan zo da Baba ya ƙwanƙwasa.