Asabar, kayan makaranta a cikin inji

Da wuta muka tashi yau, abin da ba mu saba gani ranar Asabar ba. Ko karin kumallo ban yi ba na tattara kayan makarantar yara na zuba a injin wanki, har da fararen hijaban Ummi guda biyu. Ina kicin ina jin juyawarsa, bai kai ga ɗauraya ba aka ɗauke. Can bayan kamar minti arba'in aka dawo da ita da wani irin ƙarfi, ƙwan falo ya haske fau har Auta ta kira ni in gani. Firji ya tashi, fanka ta tashi, inji shiru. Ko 'yar fitilarsa ba ta kawo ba, ƙofar kuma ta ƙi buɗuwa, ina hango kumfa kwance ta gilashi.

Na zare filogi na bar shi minti goma, don wani lokacin kansa ne kawai ke rikicewa. Na mayar, shiru. Na jona dutsen guga a soket ɗin, ya yi zafi, ke nan matsalar ba daga bango take ba. Na kira Abbansu yana hanyar Kaduna, ya ce ƙila fanel ɗin ne, wato allon da ke sarrafa injin, ya ƙone, in haƙura sai Litinin mai gyara ya zo. Jin haka gabana ya faɗi, don na san gyaran fanel ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga wata ya yi nisa.

Ina tsugune a gaban injin sai ga Ummi da sukundireba a hannu.

"Umma, a duba fiyus ɗin cikin filogi mana. Malaminmu ya ce aikinsa ke nan, ya ƙone kafin kayan su ƙone."

Ban ma juyo na kalle ta sosai ba. Na ce, "Ajiye min abin nan. Ke mace, me ya haɗa ki da wuta? Je ki wanke tukwanen can."

Ta ce, "Ai a zare yake, Umma."

Na ce ban tambaye ta ba. Ta ajiye sukundireban a kan injin a hankali, ta wuce. Ko ƙunƙuni ba ta yi ba, kuma da ta yi da zai fi min sauƙi.

Bayan Azahar na buɗe 'yar murfin nan ta ƙasa, na zaro ƙaramin tiyon na tsiyaye ruwan a faranti, sau bakwai ina kwashewa. A cikin matatar na tarar da fil ɗin hijabi biyu da maɓalli. Kusa da ita akwai ɗan abin ja na gaggawa, ina ja ƙofa ta saki. Kayan na ɗauraye su da hannu a baho, bayana har yanzu yana gaya min.

Sai idona ya faɗa kan sukundireban. Na kwance filogin. Fiyus ɗin ɗan fari ne kamar guntun alli, an rubuta 13A a jikinsa, kuma ba a gane ya ƙone da ido. Na ciro na butar lantarki, shi ma 13 ne, na sa. Ina jonawa injin ya yi ƙara, fitila ta kawo. Maman Biyu da ta leƙo ta ce da na naɗe tsohon da 'yar waya ai da ya yi, na ce a'a, ranar da wuta ta sake zuwa da ƙarfi fanel ɗin ne zai tafi, ko ma gobara, Allah ya kiyaye.

Alhamdu lillahi na yi ta faɗa, amma farin cikin bai zauna ba. Tun ƙarfe goma yarinyar nan ta faɗi daidai. Tsoro ne ya sa na daka mata tsawa, wannan gaskiya ne, wutar da ke bangon gidajenmu ƙarfinta volt 230 ne kuma tana kisa. To amma ban ce mata wuta na da haɗari ba, cewa na yi ita mace ce. Kalmar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya gaya min ke nan ranar da ya same ni na buɗe bayan rediyonsa ina aji shida. Ban ƙara taɓa sukundireba ba sai a gidan aure. Ban san tana ajiye a bakina ba sai yau.

Da Magariba na same ta a ɗaki na ce fiyus ɗin ne, kuma ta yi haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Umma," idonta a kan littafi. Na tambaye ta wace waya ce mai wutar a cikin ukun da ke cikin filogi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce mai ruwan ƙasa, shuɗiyar ta komawa ce, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa. Daga nan ba ta ƙara ba.

Tuwon shinkafa miyar taushe. Auta ta ƙi ci. Abbansu ya iso lafiya, ya ce zai sayo abin kariyar nan mai jinkirta wuta in an dawo da ita. Buta ba fiyus, shayin safe a kan gas.

Gobe zan ba Ummi kuɗin fiyus ta sayo guda uku, ita za ta sa wa butar.