Gyaran da Na Bar wa Kamfanin Jirgi: Tafiyata daga Kano zuwa Guangzhou

Wannan ita ce tafiyata ta huɗu zuwa ƙasar Sin sarin yadi, amma ita ce ta farko da na yi tare da maigidana na kasuwar Kantin Kwari, dattijon da na yi shekara tara ina tsare masa shago kafin ya sallame ni da jari. Ana jibi za mu tashi ya kira ni gidansa bayan sallar isha'i, ya karɓi takardar tikitina, ya sa tabarau ya duba ta sama da ƙasa, sannan ya ce, "Ina lambarka ta mamba? Ban ga ejan ya saka ta ba." Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Alhaji, ai ban taɓa yi ba, na ɗauka abin na masu kujerar gaba ne." Ya cire tabaran ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "Wato sau uku ka je Chaina ka dawo, kana barin gyaranka a hannun mai kaya."

A nan zaune a kan tabarmarsa na buɗe shafin Ethiopian Airlines a wayata na yi rajista a tsarinsu na ShebaMiles, wanda ake tara wa fasinja maki, wato mil, a kan tafiye-tafiyen da ya yi, ban biya ko kwabo ba. Abu ɗaya Alhaji ya nace a kai, shi ne in ajiye fasfo a gabana in kwafi sunana harafi bayan harafi. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne, domin sunan mutum ɗaya a wurinmu ana iya rubuta shi Muhammad a fasfo, Mohammed a katin banki, Muhammadu a takardar makaranta, kwamfuta kuwa ba ta san mutum ɗaya ba ne. Da zarar sunan tikiti ya saɓa da na rajista, makin ba zai shiga ba. Washegari na aika wa ejan da lambar ya haɗa ta da tikitin.

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na fara ganin bambanci. Ni na bi dogon layin awon kaya tare da sauran fasinjoji, Alhaji kuwa, duk da cewa kujerarsa ta gama-gari ce irin tawa, ya bi gajeren layin gefe saboda katinsa na ShebaMiles ya kai matakin zinare, aka liƙa wa jakunkunansa wata 'yar takarda mai nuna a fara fito da su idan an sauka. Da aka miƙo mini takardar shiga jirgi, na bi ta da yatsa har na ga lambata a buge a jikinta, kamar yadda ya umurce ni, domin a cewarsa wannan ce shaidar cewa an san da zamanka.

Tsakanin Kano da Addis Ababa mil 2,000 ne da ɗan ɗoriya, tafiyar kusan awa biyar, kuma agogonsu ya riga namu da awa biyu. Mun sauka a filin jirgin Bole da daddare, sanyin tsaunin Habasha yana ratsa rigata tun daga matakalar jirgi, ga shi jirgin Guangzhou sai tsakar dare. A tafiye-tafiyena na baya, waɗannan awanni a kan kujerar ƙarfe nake yin su, jaka a tsakanin ƙafafu, ina neman inda zan soka cajar waya. Wannan karon Alhaji ya ja hannuna zuwa zauren hutawa na kamfanin, ya nuna katinsa, ya ce da ma'aikaciyar ga baƙonsa, domin mai katin zinare yana da damar shiga da mutum ɗaya da suke tafiya tare. Muka yi alwala a natse muka rama salloli, na ci injera, wainar mutanen Habasha, da miyar wake, na sha gahawar da ta kore mini barci.

A nan ne ya zauna ya warware mini lissafin, ya ɗauki takardar goge baki ya ja layi biyu a kanta. Ya ce mil iri biyu ne, kuma yawancin 'yan kasuwarmu suna cakuɗa su. Na farko shi ne wanda ake tarawa a kashe, a karɓi tikiti da shi ko a ɗaga kujera zuwa sashen manya, wanda su suke kira Cloud Nine. Na biyu ba a kashe shi, ana ƙirga shi ne kawai don a san matakinka, daga shuɗi zuwa azurfa, zuwa zinare, zuwa na ƙoli, kuma wanda ya rage tafiya matakinsa yakan sauko. Daga nan ya nuna mini wani harafi guda a kan tikitina wanda ban taɓa lura da shi ba. Mutum biyu suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, su ci abinci iri ɗaya, amma wanda ya sayi tikiti mai rangwame ya sami wani kaso kawai na nisan tafiyar, ɗayan ya sami cikakke, kuma wannan harafin ne yake rarrabe su.

Ni a ganina babu wata kyauta a cikin lamarin, ciniki ne irin wanda muka sani. Tun da American Airlines ya fito da nasa tsarin a 1981 kamfanoni suke kwaikwayon juna, kuma manufar ba ta wuce ta mai shagon da yake ƙara wa tsohon abokin ciniki rabin yadi don kada gobe ya leƙa shagon maƙwabci ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙawancen Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, Ethiopian Airlines ya shiga a 2011, kuma a cikinsa akwai EgyptAir da Turkish Airlines da Air China. Lamba ɗaya tana aiki a dukkansu. Alhaji ya ce kuskuren da ya tafka a farko shi ne buɗe rajista a kamfanoni uku, makinsa ya warwatsu, babu wanda ya isa a yi komai da shi har wa'adin wasu ya ƙare.

Daga Addis Ababa zuwa Guangzhou kimanin mil 5,000 ne, fiye da awa goma a sama, kuma ba ni da abin faɗa game da su sai barci da ciwon gwiwa. Mun sauka a filin jirgin Baiyun, jakunkunan Alhaji suka fito cikin na farko, ya zauna a kan amalanken kaya yana jan carbi har nawa suka iso. Muka kama masauki a unguwar Xiaobei, inda Bahaushe ba ya rasa wanda zai gaisa da shi da harshensa.

Bayan kwana biyar muka hau jirgin cikin gida na Air China zuwa Hangzhou, domin mu kai ga babbar kasuwar yadi ta Keqiao. Tafintanmu ne ya yanko tikitin, ni kuma, da darasin Addis Ababa da komai, na manta ban ba shi lambata ba, ban kuma tuna a wurin awon kaya ba sai da jirgi ya ɗaga. Da na faɗa wa Alhaji cikin jin kunya, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ina takardar shiga jirgin?" Allah ya taimake ni ban yar da ita ba, tana cikin aljihun rigata a dunƙule. Ya ce in miƙar da ita in adana tare da lambar tikitin, domin ana karɓar ƙorafin makin da bai shiga ba muddin ba a bar watanni sun ja ba.

Ranar komawa gida ce ta fi koya mini darajar katin. Manyan dilolinmu sun riga sun tafi ta kwantena, amma samfuran leshi da shadda, waɗanda nake so su riga kowa isa Kwari, suna hannuna. An yarje mini jaka biyu masu kilo 23 kowace, ni kuwa uku na tara. Na durƙusa a gaban ma'auni ina kwashe wannan ina cusa wancan, gumi yana karyo mini, a ƙarshe na biya kuɗin ƙarin jaka wanda ya cinye ribar da nake hange a kan samfuran. Alhaji ya ɗora jaka uku aka wuce da su ba a ce masa uffan ba, saboda matakinsa ya ba shi ƙarin jaka guda. Ga ɗan kasuwa irina, wannan jakar da ake samu a kowace tafiya ta fi tikitin kyautar da sai an daɗe ana tari kafin a kai gare shi.

Shi ma tikitin kyautar ba ya zuwa yadda mutane suke zato. A hanyarmu ta dawowa Alhaji ya ba ni labarin yadda ya kai Hajiya Umara da makinsa, daga Kano zuwa Jidda ta Addis Ababa. Harajin filayen jirgi da sauran kuɗaɗen da ake ɗorawa a kan tikiti sai da ya biya su daga aljihunsa, kuma kujerun da ake ware wa masu maki ba su da yawa, saboda haka da ya nema a watan azumi bai samu ba, sai a Rabi'ul Awwal ta tafi.

Mako guda bayan mun dawo Kano na buɗe asusuna a shago bayan la'asar. Zuwa da dawowa mil 14,000 ne ko kusa da haka a taswira, amma abin da aka zuba mini bai kai hakan ba, saboda harafin nan na tikiti mai rangwame. Na ɗauki hoton takardar Hangzhou, wadda har yanzu alamar dunƙulewa take jikinta, na aika tare da lambar tikitin, bayan 'yan makonni makinta ya shigo. Daga nan na je ofishin ejan na sa ya rubuta lambata a gefen lambar fasfona a cikin kundinsa, na kuma ce masa idan zai yanko mini tikitin tafiyar watan Oktoba, ya faɗa mini harafin kujerar da farashin wanda yake sama da shi kafin in biya.