Tazarar Ƙafa 1,000 a Saman Gonakinmu

A ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura, idan aka yi wa maniyyata rakiya zuwa filin jirgin Dutse ko na Malam Aminu Kano, abin da ke ran mai addu'ar Allah Ya kiyaye hanya bai wuce lalacewar inji ko haɗuwa da hadari mai ƙarfi ba. Da wuya a sami wanda ya kawo wa ransa cewa jirage biyu za su iya yin karo, domin a ganinmu sama fili ce mai faɗin da ba ta da iyaka. Amma jiragen fasinja ba sa bi ta inda suka ga dama. Akwai hanyoyi da aka shata musu kamar yadda ake shata wa shanu burtali, hanyoyin kuma suna da mararraba, kuma a nan ne aikin jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama yake zama batun rai da mutuwa. A taswirar sufurin sama ta duniya, sararin Najeriya baki ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi, kuma cibiyoyin Kano da Legas ne suke raba aikin kula da shi a ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya.

Ƙa'idar raba jirage ba ta da wuyar fahimta. Tsakanin tsayin ƙafa 29,000 da 41,000, inda manyan jirage suka fi tafiya, dole ne a bar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, wato kimanin mita 300. A da ƙafa 2,000 ake bari, sai da na'urorin auna tsayi suka inganta aka rage, kuma Afirka ta shiga wannan tsari a shekarar 2008. Wanda ya nufi gabas ana ba shi tsayi irin su 33,000 ko 35,000, wanda ya nufi yamma kuma 34,000 ko 36,000. Idan kuwa jirage biyu suna tsayi ɗaya, jami'in da ke kallonsu a allon rada yakan bar aƙalla mil 5 na teku a tsakaninsu, wanda ya ɗan haura kilomita 9.

Da na faɗi haka a majalisa, wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai kilomita tara tafiya ce, me zai haɗa su?" Na ce, "Baba, tafiya ce ga mai jaki." Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa idan ya fuskanci ɗan'uwansa, wannan tazara tana ƙarewa cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka. Shi ya sa ake tilasta wa matuƙi ya maimaita duk umarnin da aka ba shi, jami'in kuma ya saurari maimaitawar da kyau, domin mafi yawan kurakuran wannan aiki ƙanana ne ƙwarai: lamba ɗaya da aka ji ba daidai ba, ko sunayen jirage biyu masu kama da juna. A watan Janairun 2001 a Japan, wani jami'i mai koyon aiki ya yi nufin umartar jirgi mai lamba 958 ya sauko, sai bakinsa ya ce 907. Jiragen biyu, ɗauke da mutane sama da 600, sun gifta juna da ƙyar, kuma kusan mutum 100 suka ji rauni saboda kaucewar gaggawa. A Indiya kuwa, ranar 12 ga Nuwamba 1996, jirgin Kazakistan da aka ba ƙafa 15,000 ya sauko zuwa 14,000 inda jirgin Saudiyya yake, mutum 349 suka rasu. Laifin matuƙa ne, amma radar Delhi ta wancan lokaci ba ta nuna tsayin jirgi, don haka jami'in bai ga abin da ke faruwa ba.

Hatsarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na daren 1 ga Yuli 2002 a saman garin Uberlingen na kudancin Jamus, inda jirgin Rasha mai ɗauke da yara 'yan makaranta ya yi karo da jirgin dakon kaya na DHL, mutum 71 suka rasu. Cibiyar Zurik ta ƙasar Suwizalan ce ke kula da wurin. Jami'i ɗaya ne yake riƙe da allo biyu a daren, domin abokin aikinsa ya tafi hutawa, abin da shugabanni suka daɗe da sani suka kuma kawar da kai. A wannan daren ne kuma ake gyaran na'urori, don haka alamar da ke gargaɗin jami'i a kan allo ba ta aiki, babban layin waya ma a rufe yake. Jami'an wata cibiya a Jamus sun hango abin da ke shirin faruwa, suka yi ta kira ba su samu ba. Shi kuma jami'in na Zurik hankalinsa ya tafi ga wani jirgi da ya makara yana neman sauka, bai lura cewa jiragen biyu suna ƙafa 36,000 ba sai da ya rage ƙasa da minti ɗaya.

Ya umarci jirgin Rasha ya sauko. A daidai lokacin, na'urar kauce wa karo da ke cikin jiragen, wato TCAS, wadda ke magana da takwararta ta ɗaya jirgin ba tare da ta bi ta kan kowa a ƙasa ba, ta ce wa na Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauko. Matuƙan DHL suka bi na'ura, na Rasha suka bi mutum, duka biyun suka sauko tare. Bayan wannan ne aka fayyace dokar a duniya cewa idan na'urar ta ba da umarni ita za a bi, ko da jami'i ya faɗi akasin haka.

A shekarar 2004 wani mutum da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a hatsarin ya je har gida ya kashe jami'in. A 2007 kuma kotun Suwizalan ta sami wasu manyan ma'aikata huɗu na kamfanin da ke gudanar da cibiyar Zurik da laifin sakaci. A ra'ayina, kotun ta fi kusa da gano inda ɓarnar take. Jami'in ya yi kuskure, babu musu, amma duk matakan da aka tanada don kama kuskurensa an cire su ɗaya bayan ɗaya kafin ya yi shi. Mu kuma al'adarmu ita ce a nemi mutum ɗaya a ɗora masa komai a huta, alhali a irin wannan aiki, ma'aikacin da ya san za a kore shi idan ya ba da rahoton cewa jirage biyu sun kusanci juna fiye da ƙa'ida, shiru zai yi, giɓin da ya jawo hakan kuma ya zauna yana jiran wani.

Najeriya tana da Kwalejin Fasahar Sufurin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 kuma take horar da waɗannan jami'ai, sannan a 2010 aka ƙaddamar da shirin TRACON na shimfiɗa rada a faɗin ƙasar. Sai dai na'ura tana tsufa, kuma amfaninta ya dogara ne ga abubuwan da ba a yanka musu ƙyalle a biki: lantarkin da ba ya yankewa, rediyon da muryarsa ke kaiwa har iyakar Nijar da Chadi, kayan gyara, da isassun ma'aikata ta yadda ba za a bar mutum ɗaya da allo biyu a tsakar dare ba. Waɗannan ne ya kamata wakilanmu a majalisa su riƙa tambaya a kai lokacin kasafin kuɗi, musamman ganin cewa a nan Arewa muna da lokacin hazo, inda jirage kan taru suna kewaya sama suna jiran damar sauka, da lokacin jigilar alhazai, inda manyan jirage ke tashi da sauka a Kano da Dutse ba dare ba rana.